Ranar da Muryar Kotakwana Ta Shaƙe

Mijin yayata mutum ne da ba ya shiga ɗaki sai ya fara neman ƙofar fita. Ko gaisuwa aka je gidan mutane, kafin ya zauna sai ya dubi taga, ya dubi wayoyin wuta, ya tambayi mai gida inda yake ajiye tukunyar gas. Tun yana saurayi abokansa suka laƙaba masa Kotakwana, saboda kullum cikin shirin ko-ta-kwana yake, sunan kuma ya bi shi har ya danne na gaskiya. 'Ya'yansa ma idan ba ya kusa, Baba Kotakwana suke cewa. Ni kuwa da yake ƙanwar matarsa ce, a gaban idonsa nake faɗa, shi kuma ya rama da kirana Gidan Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai a ɗauke wuta.

Mahaifinsa direban bas ne, mahaifiyarsa kuma tana da rumfar sayar da kwanuka a kasuwa. Yana ɗan makaranta kasuwar ta kama da wuta da rana tsaka, ya sheƙo a guje da jakarsa a baya, ya tsaya a bakin titi yana kallo. Motar kashe gobara ta zo da jiniya kamar za ta tsaga gari, ashe ba ruwa a cikinta. Tankar ruwa ta biyo baya, 'yan sanda suka tare ta, domin an ce musu kada a bar kowa ya wuce. Motar asibiti ta je ta tsaya a ƙofar da babu kowa, masu ƙuna suna kwance a ɗaya ƙofar. Masu wutar lantarki kuwa ba wanda ya tuna ya ce su yanke. Kowa ya zo, kowa ya yi gumi, kasuwa ta ƙone ƙurmus. Har ya tsufa idan ya ba da labarin nan yakan ce wuta ba ta da laifi sosai a ranar, aikinta ta yi. Mutanen da suka zo kashe ta ne ba su gaisa da juna ba.

Da ya gama makaranta ya shiga wata ƙungiyar agaji, ya koyi ɗaurin karaya da ɗaukar majinyaci ba tare da an ƙarasa shi ba. Daga nan ya samu aiki a hukumar agajin gaggawa, ya yi ta hawa a hankali har aka damƙa masa ɗakin da ake haɗa kan masu ceto idan wani abu ya faru. Ɗakin yana hawa na biyu, sama da ofishin masu lasisin mota. Akwai dogon tebur da wayoyi a jere, da rediyon oba-oba da ke tari duk yini, da fanka mai ƙara, da ƙatuwar taswirar gari a bango, wadda yatsunsa suka sa wasu unguwanni suka yi baƙi. Shi ba ya kashe wuta, ba ya ɗinke rauni, ba ya kama ɓarawo. Aikinsa shi ne ya sa masu yin waɗannan su yi magana da juna, su san wa zai shiga ta ina, wa zai jira, wa zai kauce.

Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, domin kowannensu da hularsa, kuma kowa yana ganin tasa ta fi tsawo. Mafi wahala su ne shugaban masu kashe gobara, wani mai tumbi da ake kira Oga Tiyo, da babban ɗan sandan yankin, dogo siriri mai gashin baki, wanda ba ya dariya sai an ƙara masa girma. Waɗannan biyun ba sa ga maciji da juna tun wata rana da aka yi rigimar wa zai zauna a kujerar gaba wurin wani taro. Kotakwana ya daɗe da gano maganinsu. Idan yana so a rufe hanya da sauri, sai ya kira ɗan sandan ya ce, ai Oga Tiyo ya ce kada ma a ɓata lokaci da ku, ba za ku iya ba. Kafin ka ƙifta ido an rufe hanya har da lungunan da ba a nema ba. Idan kuma kwale-kwale yake so, sai ya gaya wa Oga Tiyo cewa ɗan sanda yana can yana dariya, wai jiragen naku duk sun ɓule. Shekara da shekaru yana wannan haɗin, gari yana cin moriya, mutanen biyu suna ƙara tsanar juna, shi kuma ya dawo gida yana ba mu labari har da kwaikwayon murya.

Matsalar Kotakwana ita ce bai san inda ofis ya ƙare gida ya fara ba. Yana da usur a wuya ko wanka zai shiga. A gidansa kowa ya san inda zai tsaya idan aka busa, wato gindin bishiyar ƙofar gida, kuma kowa da abin da zai ɗauko: babbar 'yar ta riƙo ƙannenta, na tsakiya ya rufe gas, Yaya ta ɗauko jakar magani. Yaya, wato yayata, tela ce, shagonta a ɗakin gaba na gidan. Mace ce mai sanyin murya, ba ta faɗa, ba ta gaggawa, amma idan ta ƙulla da mutum sai ya gwammace duka. Ta yi haƙuri da usur ɗin nan tun tana amarya, har ranar da ya wuce gona da iri.

Ran nan wasu manyan mata masu kawo mata ɗinki sun zo gwajin kaya. Ɗaya tana tsaye an ɗaura mata riga da allurai ko'ina, hannu ɗaya an sa, ɗaya ba a sa ba. Sai mutumin ya ga dama ta samu ta gwada yadda baƙi za su yi idan abu ya faru. Ya kashe mitar wuta, ya ƙona tsohuwar jarida a cikin bokiti a bayan taga, ya busa usur yana ihun gobara. Matar nan ta yi waje da rabin riga, allurai suna sukarta tana tsalle, sauran suka bi ta ba takalma, ɗaya ma ta taga ta so fita aka riƙo ta. Suna tsaye a titi suna haki, maƙwabta sun fito kallo, sai ga shi ya fito da murmushi yana yaba musu, amma wai a gaba su rage turereniya a bakin ƙofa.

Yaya ta biyo su waje. Ta ba matan haƙuri, ta raka su, ta dawo ta rufe bakinta da shi. Abinci yana samu, wanki ana yi, amma magana babu. Shagona na gyaran gashi yana kusa da su, sai na zama 'yar aike. Suna zaune a falo ɗaya za ta ce mini in gaya wa mutumina gas ya kusa ƙarewa, shi kuma ya ce in gaya wa yayata ya ji, kuma in tambaye ta ko fushin yana da ranar ƙarewa. Ni kuwa ina ƙara gishiri a kowane saƙo, domin ban taɓa samun aiki mai daɗi irin wannan ba.

Ana cikin haka damina ta yi nisa. Hukumarsu ta shirya babban atisaye a filin ƙwallo, aka tara masu kashe gobara da 'yan sanda da ma'aikatan jinya da 'yan agaji, aka shafa wa wasu jan fenti suka kwanta a matsayin masu rauni. Ana farawa ruwa ya kece, batirin lasifikar hannunsa kuma ya mutu. Da wani ne, da ya ɗage atisayen, amma ba Kotakwana ba. Ya tsaya cikin ruwa yana ba da umarni da maƙogwaronsa har yamma. Washegari ya buɗe baki zai ce mini ina kwana, sai iska kawai ta fito, kamar an taka ƙwallon da ya fashe.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ya harare ni, ya ɗauki jakarsa ya tafi ofis cikin yayyafi. Yaya ta dafa ruwan zafi da zuma da lemun tsami ta zuba a fulas ta ajiye a inda zai gani, shi kuma ya fita bai gani ba. Da hantsi ta shigo shagona da fulas ɗin a hannu, ta ce in tashi mu kai wa mutumina, kada ya mutu a ce ita ce.

Mun hau bene muka tarar da ɗakin a hargitse. An bugo waya daga madatsar ruwa da ke can sama da gari: ruwan da aka yi kwana da kwanaki ana yi a kan duwatsu ya cika ta, dole su buɗe ƙofofi, in ba haka ba ta ɓalle gaba ɗaya. Sun ce zuwa bayan azahar ruwan zai iso unguwar gangare, wadda ke kwance a bakin kogi, cike da gidaje da shaguna da makarantun yara. Mataimakin Kotakwana da mai kula da rediyo sun tafi hayin kogi da safe mayar da tantunan da aka aro don atisayen, kuma an riga an rufe gada saboda ruwa ya fara lasar ta. Sauran ma'aikatan ya tura su unguwar da nunin hannu. Ya rage shi kaɗai a gaban rediyo, yana danna maɓalli yana hura iska, Oga Tiyo kuma daga can yana ta faɗa wai a gyara wannan akwatin banzan.

Da ya gan mu sai idonsa ya yi haske. Ya tsallake matarsa ya kamo hannuna ya zaunar da ni a kujerar, ya nuna mini inda ake dannawa. Lissafinsa shi ne mai yawan magana ita ta dace. Ya raɗa mini a kunne in gaya wa Oga Tiyo ya fito da kwale-kwale. Na danna, na yi sallama, na tambayi Oga Tiyo iyali, na gaya masa madatsa ta cika, na ce mahaifiyarmu ma a gangare take, na ce ni dama tun jiya jikina ya ba ni, kuma in ba a yi da gaske ba duk gari zai tafi. Ban kai ga maganar kwale-kwale ba Kotakwana ya fizge abin daga hannuna. Ya dafe kai. Sannan a hankali ya juya ya dubi Yaya.

Ta ajiye fulas a tebur, ta gyara mayafinta, ta dube ni ta ce, “Gaya wa mutuminki ya matso da kujera. Kuma ya sha wannan tukuna.”

Ya sha har yana ƙona harshe. Ta zauna, ya sunkuya a kafaɗarta, bakinsa a kunnenta, mutanen da suka yi makonni ba su haɗa ido ba. Na koma kan wayoyin tebur, aikina in ɗauka in ce a dakata.

Da yake ina kusa, ina jin abin da yake raɗawa, ina kuma jin abin da take faɗa, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa. Ya ce ta gaya wa wancan mai tumbin ya daina surutu ya kai jiragensa bakin tsohuwar silima. Ta danna ta ce, ranka ya daɗe, mai gidan ne ba murya, ya ce a roƙe ka ka kai kwale-kwale bakin tsohuwar silima, domin nan ne ruwa zai fara tsayawa, kuma ya ce ba wanda zai iya sai kai. Oga Tiyo ya tambaya cikin wata murya da ban san yana da ita ba, wace ce ke magana. Ta ce matar Kotakwana ce. Ya ce an gama, Hajiya.

Haka aka yi ta yi. Shi yana da garin duka a kansa, ita kuma tana da bakin da ake ji. Aka kira shugaban direbobi ya janye bas-bas daga tasha ya tura gangare. Aka tsara su shiga ta hanyar mayanka su fito ta hanyar gidan mai, kada mota ta haɗu da mota a siririn titi. Aka ce tsofaffi da marasa lafiya da masu goyo su fara shiga, masu ƙafa su bi ta matattakalar bayan kasuwa su hau tudu. Aka sa masu wutar lantarki su yanke wa gangare wuta amma su bar layin asibiti. Aka gaya wa babbar likita ta sallami waɗanda suka ji sauƙi ta tanadi gadaje, ta kuma tura ma'aikatan jinya makarantar sakandare ta kan tudu, inda za a sauke mutane. Motocin talla masu lasifika, waɗanda kullum suke damun mu da maganin basir, ranar su aka sa suka zaga lungu-lungu suna cewa a fita. Duk wanda aka ba aiki, Yaya takan sa ya maimaita abin da aka ce masa, kamar yadda take sa mai ɗinki ta maimaita irin wuyan da take so, don kada gobe a yi musu.

Sai aka zo kan rufe hanyar gangare. Masu motoci sun fara kwarara ciki don kwaso kaya, suna toshe wa bas-bas hanya, babban ɗan sandan kuma yana jan ƙafa, wai sai ya ji daga sama. Kotakwana ya yi murmushin da na sani, ya raɗa mata tsohon maganinsa. Yaya ta juyo ta dube shi, karo na farko, ta ce ita ba ta ƙarya a rediyon gwamnati. Ya haɗa hannu biyu yana roƙo, yana nuna agogon bango. Ta danna maɓalli.

“Ranka ya daɗe, mai gidana ya ce in gaya maka wai Oga Tiyo ya ce ba za ka iya rufe hanyar nan ba. Oga Tiyo bai faɗa ba, ina nan zaune tun ɗazu. Ni ce nake tambaya, don uwata tana cikin unguwar: za ka iya, ko mu nemi wani?”

Abin da Yaya ba ta sani ba, ko kuma ta sani sarai, shi ne duk wanda ke riƙe da oba-oba a garin yana jin wannan layin. Kotakwana ya zame daga kafaɗarta ya zauna a ƙasa. Can sai muryar Oga Tiyo ta fito a hankali, yana tambayar ɗan sandan ko shi ma bai taɓa cewa jiragensa sun ɓule ba. Ɗan sandan ya ce shi bai taɓa ganin jiragen ba ma, balle ya san sun ɓule. Wani direban motar asibiti ya kasa daurewa ya fashe da dariya a layi. Sannan ɗan sandan ya ce, Hajiya, a ba shi ɗan lokaci, maganar mijinta kuma za su yi ta daga baya, shi da ɗan'uwansa Oga Tiyo. Ba a jima ba aka rufe hanyar, bas-bas suka samu wucewa.

Ana haka wayata ta yi ƙara. Maƙwabcin Inna ne, mahaifiyarmu, yana cewa unguwa ta kusa watsewa amma tsohuwa ta kafa kujera a tsakar gida ta ce ba inda za ta. Wai ta ga ruwan da ya fi wannan tun kafin a haifi masu lasifikar, kuma ba za ta bar gidan mijinta ta je ta kwana a aji kamar 'yar makaranta ba. Na sa ya ba ta wayar na yi magiya, ta ce in rufe mata baki. Kotakwana ya miƙe yana zagaye ɗakin. Mutumin da ke juya 'yan sanda da likitoci, surukarsa ta gagare shi, don ko da muryarsa garau ba ya iya ɗaga ido a gabanta. Ya raɗa cewa a tura ƙarti biyu su ɗauko ta da kujerar. Na ce in aka yi haka, har ta mutu ba za ta sake cin abincin gidansa ba.

Yaya ta miƙo hannu na ba ta wayar. Ta gaishe da Inna a natse kamar ba abin da ke faruwa, ta ce ai ta yi daidai da ta zauna, dama can makarantar ba wurin zama, mutane sun yi yawa ga yunwa. Ta ce an kawo buhunan shinkafa da manyan tukwane, an rasa mai tsayawa a kan girkin, amma yanzu an samu, matar mai kemis ta karɓa. Matar mai kemis kuwa ita ce abokiyar hamayyar Inna tun suna matasa, a kan komai, daga tsaftar ƙofar gida har yawan jikoki. Yaya ta ƙara da cewa matar tana can tana gaya wa mutane duk unguwar ba mai iya girkin taro sai ita.

Ina jin muryar Inna daga inda nake tsaye. Ta ce wannan matar da ko ruwan zafi sai ta ƙona? Ta ce a gaya wa direba ya jira ta. Maƙwabcin ya ba mu labari daga baya cewa ta fito da ludayinta babba a hannu ɗaya, jakar maganinta a ɗaya, ta shiga gaban mota ta ce a yi sauri.

Kotakwana ya tsaya yana kallon matarsa, baki buɗe, yana nuna rediyo yana nuna ta.

“Wannan wayar ƙanwata ce, ba ta gwamnati ba,” in ji ta. “Matso, me ya rage?”

Ruwan ya iso kusan lokacin da aka ce. Daga tagar ofis muna hango shi, ja kamar shayi da madara, ya fara bin kwatoci, ya hau titi, ya shiga ƙofofi. Kafin la'asar rufin shagunan bakin kogi kawai ake gani. Kwale-kwalen Oga Tiyo, waɗanda ashe ba su ɓule ba, suka yi ta kwaso waɗanda suka maƙale: wani tela da ya koma ɗauko kan kekensa, wasu samari da suka tsaya ɗaukar hoto, wata mai ciki da naƙuda ta kama a saman bene, wadda 'yan sanda suka buɗe wa hanya har ƙofar asibiti. Da rana ta yi sanyi aka ce ruwa ya tsaya da hawa. Yaya ta ajiye abin magana, muryarta ita ma ta fara dushewa. Ya zuba mata sauran ruwan zumar a murfin fulas ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta ce masa, kai tsaye ba ta bakina ba, rigarsa ta yage a hammata, ya cire idan an je gida. Nan aikina na 'yar aike ya ƙare, ba ko sallama.

Ba a fita lafiya duka ba. Washegari da ruwa ya ja baya aka samu gawar wani tsoho mai gadin sito a bayan kasuwa. Kurma ne, bai ji lasifika ba, sito kuma a rufe yake ta waje, kowa ya ɗauka ba kowa a ciki. Mutane suna ta yabon yadda aka kwashe unguwa guda, manya suna zuwa makaranta ana ɗaukar su hoto da buhunan shinkafa, Kotakwana kuwa ya nemi gidan tsohon ya je ya zauna da 'ya'yansa. Ya dawo bai ci abinci ba. Muryarsa ta dawo a makon, amma ya daɗe bai yi wasa da kowa ba, har ni. Tun daga lokacin ya sa aka raba kowace unguwa ga mutanen cikinta, waɗanda suka san gidan da ke da kurma, da makaho, da wanda ba ya iya tashi, kuma ya ce ko ƙofa da kwaɗo a jikinta sai an buga an leƙa.

Maganar da aka ce za a yi daga baya kuwa an yi ta. Wata safiya Oga Tiyo da babban ɗan sandan suka hau benen tare, a mota ɗaya ma suka zo. Suka zaunar da Kotakwana suka yi ta tono, wannan ya ce ranar gobarar gidan katako ka ce ya ce kaza, wancan ya ce ranar da tanka ta faɗi ka ce ya kira ni kaza. Ya amsa duka, bai musa ko ɗaya ba. Da suka gaji ya tambaye su ko sun lura yau sun yi awa guda suna magana baki ɗaya, abin da ya yi shekaru yana nema. Oga Tiyo ya ɗaga hularsa zai jefe shi, dariya ta ƙwace masa. Suka zama aminai, abin da ya haɗa su kuwa shi ne zagin Kotakwana, har 'ya'yansu suka saba. Sun nemi a ɗauki Yaya aiki a ɗakin, ta ce tana da ɗinkin mutane a gabanta. Inna kuma ta riƙe girkin makarantar har aka koma gida, ta kuma tarar matar mai kemis ba ta ma gari, tana wurin 'yarta tun kafin ruwan. Yaya ta sha faɗa, ni ma na sha, wai da wayata aka yi.

Yanzu Kotakwana ya yi ritaya, gashi ya yi fari, tumbin da yake yi wa Oga Tiyo dariya ya zo masa shi ma. Kwanakin baya ya hau tsani zai duba rufin gidansa kafin ruwa, tsanin ya zame, ya faɗo ya karya ƙafa. Aka kira motar asibiti, ta zo da wuri, abin da ya faranta masa rai duk da zafin da yake ji. Na shiga tare da su. Tun daga kan gadon ɗaukar majinyaci yake ba da umarni, a ɗaga nan, a sauke can, a bi ta hanyar gidan mai don ta kasuwa cunkoso. Direbar motar, wata mata da shi ya koya wa aiki, ta ce to Baba, ta kuma bi ta kasuwa, domin an faɗaɗa titin tun bara, shi bai sani ba. Muka isa kafin ya gama bayanin dalilin da ya sa ba za mu isa ba. Yana kwance an naɗe ƙafar, duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa sa'a ce kawai yarinyar ta ci, kuma da an bi ta gidan mai da an fi haka sauri.